Allin Baba Mai Faci

Shekara talatin da takwas, kafin hantsi ya ɗaga, Baba Mai Faci ya riga ya share gaban rumfarsa, ya cika rabin duron da yake tsoma tiyubu, ya saƙala guntun alli a bayan kunne. Duk direbobi sun san allin nan. Tayar da Baba ya shata wa alli ta gama aiki, ko kuka za ka yi ba zai mayar maka da ita kan mota ba. A watan nan ya rufe rumfar, ido ya ƙi.

Matattun tayoyin, matarsa ce ta sama musu amfani. Ta jera su a tsakar gida, ta cika da ƙasa da taki, ta shuka alayyafo, karas da barkono. Maƙwabta suka yi sha'awa, Baba ya riƙa gangara musu tayoyi har ƙofa. Da Allah ya yi mata rasuwa lambun ya bi ta, sai barkono guda da ya ƙi mutuwa. Kullum sai Baba ya ba shi ruwa kafin ya karya kumallo, wani lokaci har da 'yar hira.

Bara 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta zo hutu. Ta shafa tayar barkonon, robar ta marmashe, hannunta ya yi baƙi ƙirin.

"Baba, an ce in taya ta tsufa haka, rana tana dukanta, abubuwan da aka haɗa ta da su kan sauka cikin ƙasa. Masana ma bakinsu bai zo ɗaya ba kan yawan illar."

"Amma ba su ce babu ba?"

"Ba su ce ba."

Shi ke nan. Mutumin da bai taɓa sakin taya a kan "wataƙila" ba, ina zai bar ta kusa da tukunyar mutane? Washegari ya bi gida-gida da allinsa. Duk wadda ta tsattsage ya shata mata, ya ce kayan miya su koma tukwanen ƙasa, tayar a shuka mata fure. Wasu suka gode, wasu suka yi dariya. Matar tela kuwa, mai bakin nan, ta riƙe ƙugu.

"Baba, kai ka kawo, kai za ka kwashe? To ta gidanka fa, ta marigayiya? Ko ita ba ta tsufa?"

Wallahi maganar ta soke shi. Ya juya ya nufi gida. Matar tela ta bi shi don ta ba da haƙuri, ita ce ta ba mu labari. Ta tarar da shi tsugune gaban tayar marigayiya, allin a hannu. Ya daɗe kafin ya ja layin. Sannan ya tone barkonon, ya kakkaɓe saiwar tas, ya mayar da shi tukunya.

"Ki yafe ni," in ji shi. Ba da matar tela yake ba.

Barkonon bai kama ba. Kwana tara ya yi ya bushe. A makon da ya bushe babu gidan da bai sauya tayarsa ba, matar tela ce ta fara, tana yi tana share hawaye.

Baba, kai ne ka shata alli a kan abu na ƙarshe da hannunta ya bar maka, don kada 'ya'yan wasu su ci abin da ba ka amince da shi ba. Mun gode, Allah ya saka, ya jiƙan abokiyar zamanka.

Mu kuma masu shuka a taya, mu fita mu shafa tamu. In ta baƙanta hannu, mu bar wa fure. Kuma ku riƙa leƙa Baba da safe. Har yau yakan cika buta ya nufi wajen barkonon, sai ya yi rabin hanya ya tuna.