Rahoto Kai-tsaye Daga Hawan Kibo

Na karanta labarai masu yawa a rediyo, kuma yawancinsu sun bi iska tun kafin in tashi daga kujera. Amma akwai rahoto guda da ban rubuta ba, ba a watsa shi ko'ina ba, mutum biyu kawai suka saurare shi, kuma shi ne ba zan manta ba muddin ina numfashi.

Sai na fara da faɗin matsalata. Ina tsoron bisa. Gadar masu tafiya da ƙafa ta Nyanya, wadda mata ke hawa da tire a ka da goyo a baya, ni ban taɓa taka matakalarta ba. Gara in yi dogon zagaye. A wurin aiki ma, idan aka kira taro a bene na sama, kujerar da ta fi nisa da taga nake nema.

Mahaifina ya yi rayuwarsa yana tuƙi a wani ofishin jakadanci a Maitama. Da Baturen da yake tuƙawa zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa wata tsohuwar mota mai gado da ɗan kicin da makewayi a ciki. Baba ya ajiye ta a ƙofar gidanmu a Kurudu, maƙwabta suka raɗa mata suna ɗaki da falo. A cikinta ya koya mini tuƙi, a filin bayan unguwa, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai.

Shekarar da aka yi wa Baba tiyata a gadon baya, likita ya hana shi dogon zama. Ana cikin haka sai saƙo ya zo daga garinsu, wani tsohon barikin haƙar kuza a saman Filato, cewa Gwaggo tana kwance, ta daina cin abinci, sunansa kawai take kira. Gwaggo yayarsa ce, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mota ɗaya ce za ta iya kai shi a kwance. Yayana yana Legas, jiransa kuwa caca ce da ran tsohuwa.

Baba ya dube ni daga kan gado. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, ke ce."

"Baba, Hawan Kibo fa."

"Na san sunansa. Ke kuma kin san giyar mota."

Maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, wadda duk unguwa ke kira Sista, ta ce za ta raka mu. Hausarta irin ta Abuja ce, ba ruwanta da namiji ko mace. "Anti, kai ka tuƙa kawai," ta ce. "Ni zan riƙe Baba. Allah yana nan."

Muka fita da safe. Mararaba, Keffi, Akwanga, duk lafiya lau. Har na fara jin kaina, ina tsere wa ƙananan motoci. Sai duwatsu suka fara tasowa a gaba, hanya ta fara miƙewa sama tana lanƙwasa, kunnuwana suka toshe. Na sauko da giya, na kafe idona a kan kwalta, ina gaya wa kaina cewa muddin ina hannuna, dutse ne a gefena, ba rami ba.

A wata kwana muka tarar da ganyaye a zube a kan titi. Tirela ce ta mutu a hannunmu, an tokare tayoyinta da duwatsu. Direbanta yana tsaye a gaba yana tsayar da masu saukowa, yana yafito ni in wuce. Wucewa kuwa na nufin in koma hannun hagu, bakin gaɓa, kuma sitiyari a hagu yake. Na leƙa ta taga sau ɗaya. Na ga kawunan itatuwa a ƙarƙashina, da wani shaho yana shawagi ƙasa da inda nake.

Na taka birki, na ja na hannu, shi ke nan. Yatsuna suka manne da sitiyari. Ƙafata ta hagu tana rawa a kan kuloci kamar ba tawa ba. Motoci suka taru a baya suna hon. Wani ya leƙo daga motar haya ya ɗaga murya, "Wa ya ba mace gida guda ta tuƙa?"

Sista ta zuge taga. "Kakanka ne ya ba shi!"

Ban iya dariya ba. Na san ba zan iya juyawa ba, babu wurin juyi. Na san kuma idan na saki birki ƙafata ta kuskure, baya za mu gangara da majinyaci a kwance.

Sai na ji muryar Baba daga baya, a hankali.

"Uwata, tun ina saurayi rabona da shiga mota ban ga hanya ba. Rufin nan kawai nake gani. Faɗa mini abin da ke gabanmu."

"Rami, Baba! Rami ne, ba shi da ƙarshe!"

"Haka kike karanta labarai? Ni dai ban taɓa jin kin yi ihu a rediyo ba. Koma daga farko."

Ba dabara ya shirya mini ba, na gane haka daga baya. Shi ma tsoro yake ji, irin na direban da aka raba da gilashin gaba. Amma maganarsa ta taɓa wurin da aikina ya daɗe da ginawa a jikina. A sana'armu, idan jar fitila ta kama, numfashi daga ciki yake fitowa, ido yana kan layin da ake karantawa, ba ya tsallakawa ƙasan takarda. Kuma ba a faɗin abin da ba a tabbatar ba. Rami marar ƙarshe ba labari ba ne, jita-jita ce.

Na ja numfashi. Muryar da ta fito ba ta matar da ke rawar jiki ba ce, ta aiki ce.

"Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Muna magana da ku daga Hawan Kibo, inda wata tirela ta lalace a hannun dama. A hannun hagu akwai shingen ƙarfe, kuma yana tsaye da ƙafafunsa. Tsakanin shingen da tirelar akwai filin da ya ishi mota."

"Madalla," in ji Baba. "Wace giya?"

"Rahotanni sun tabbatar da cewa giya ta ɗaya ce."

Sista ta fashe da dariya. Ni kuwa na lura ƙafata ta daina rawa. Ashe baki ba ya iya gina jimla daidai yana kuma kururuwa a lokaci guda.

"Yanzu direba tana ɗaga kuloci. Inji ya amsa. An saki birkin hannu. Motar ba ta koma baya ba."

Muka motsa. Na juya sitiyari hagu, zuwa wajen da duk jikina ke cewa kada in je. Ban kalli shahon ba. Na kalli layin da ke gabana: farin fenti a gefen kwalta, tayar tirela ta baya, ta tsakiya, madubina na dama yana wuce jikinta da tazarar tafin hannu. Duk abin da na gani na faɗe shi, ba ƙari, ba ragi. Da kan tirelar ya koma bayanmu, direbanta ya ɗaga hannu biyu ya jinjina mini.

Ban rufe shirin ba sai da hanya ta kwanta, iska mai sanyi ta shigo, gonakin dankali suka bayyana dama da hagu.

"Masu sauraro, mun iso sama."

"Yesu, na gode!" in ji Sista.

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. Sannan ya ƙara, "Sai dai kin ɗan daɗe a giya ta biyu."

A garinsu, a kan kujera aka ɗauko Gwaggo aka shigo da ita cikin motar. Ta dube shi, ta dubi gadon da kicin ɗin, ta ce, "Kai Auta, har da ɗakinka ka taho?" Suka riƙe hannun juna suna dariya suna hawaye. Ranar ta sha gwate rabin kwano. Ta rasu kafin damina ta faɗi, amma ta gan shi, shi ma ya gan ta.

Ni na sauko da mu, ina ba da rahoto tun daga sama har ƙasa. Kuma makon da muka dawo na tsaya a gindin gadar Nyanya, na hau, ina motsa baki a hankali. Wata mai sayar da ayaba ta matsa gefe, ta ɗauka ko ba ni da lafiya.

Ba zan ce tsoron ya tafi ba, don wannan ma ba a tabbatar ba. Abin da na koya shi ne tsoro mai ƙarin gishiri ne, kuma maganinsa irin maganin duk mai ƙarin gishiri: a tambaye shi me ya gani da idonsa. Idan ya faɗa, a karanta layin da ke gaba, a bar ƙasan takarda sai an iso.