Wayar Labaran Dillali

Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Wudil ranar Juma'a ya san Labaran Dillali, ko bai san sunansa ba ya san baƙin gilashinsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga murya kamar ta mai kiran sallah. A Dagumawa aka haife shi, tun yana ɗan yaro yake jan igiya a kara, har ya kai ga samun bencinsa a gindin bishiyar darbejiya, inda Fulani ke kawo masa shanu, fatake kuma su zo su same shi.

Ba a yi wa Labaran ƙarya a kan shanu. Ya ɗora tafin hannu a tozo, ya bi haƙarƙari, ya ɗaga leɓe ya shafa haƙora, sai ya faɗa maka shekarun dabbar da irin ciyawar da ta ci. Mutane na cewa gwaninta ce ta sa ba ya ko kallon sa, hannu kawai yake sawa. Gwanintar akwai ta, amma gaskiyar magana ita ce Labaran ba ya gani. Yanar ido ce ta rufe masa gani sannu a hankali, har ya zama inuwar mutum kawai yake hangowa, ita ma sai rana ta take. Matarsa Yelwa ce kaɗai ta sani. Ya tabbata ranar da kara ta gane, ranar sana'arsa ta mutu, don babu Bafulatanin da zai miƙa wa makaho igiyar sansa.

Da gaisuwa yake tafiya. Da ya sa ƙafa a bakin kara sai ya rangaɗa sallama, a amsa daga dama, a amsa daga hagu, ya tambayi wannan gida, ya tambayi wancan gajiya, kunnensa na auna masa inda kowa yake da inda hanya ta bi. Kafin ya gama da mutum na ƙarshe ya isa bencinsa. Har yabonsa ake yi, wai babu mai zumunci irin Labaran.

Wayar ce ta so ta ba shi wahala, don manyan masu saye sun daina zuwa da kansu. Daga Legas suke kiran bidiyo, a nuna musu sa gaba da baya, a yi ciniki. Yelwa, wadda ta ɗan yi yaƙi da jahilci, ita ta zauna da shi a tsakar gidansu na Sabon Gari ta riƙe babban yatsansa tana koya masa. Nan ƙasa ake amsa kira. Nan gefe ake juya kyamara ta kalli dabba. Ya haddace fuskar wayar nan kamar yadda ya haddace hanyar masallaci, har yana latsawa yana hira da wani, ana cewa tsoho ya fi yara iya waya.

Sai wani saƙo ya fara fitowa, wai wayar na son a sabunta ta. Kullum da safe Yelwa ke kore shi kafin ya fita.

“Kada ka bari kowa ya taɓa wannan,” in ji ta. “Sai na kai wa Khaulat ta karanta mana abin da zai canza. In zai taɓa wuraren da ka sani, ba ma so.”

Khaulat ɗalibar jami'a ce da ke haya a maƙwabtansu. Yau jarrabawa, gobe hutu, maganar ta yi ta ja. Rannan ƙanwar Yelwa ta haihu a Dagumawa, ta yi sammakon tafiya, ranar kuwa Juma'a ce.

Labaran na zaune a benci ya ji wayar ta ƙi shi. Ya latsa inda ya saba, shiru. Ya san saƙon nan ne ya tare fuskar, amma bai san gefen da ake kore shi ba. Ga Alhaji Nu'uman na Legas, babban mai sayensa, ya ce zai kira kafin a tafi masallaci. Ga Auta, Bafulatanin da ya yi shekara da shekaru yana kawo masa shanu, tsaye da wani farin bijimi. Sai ya kira Muhyiddeen.

Muhyiddeen yaronsa ne a da. Shi ya ɗauke shi daga jan igiya ya koya masa dillanci, yanzu ya girma, yana da takardar sakandare da agogo mai ƙyalli, sai dai ba shi da benci. Ya daɗe yana lura da yadda maigidan nasa ke laluben buta.

“Duba min wannan, ƙananan rubutu na sa ni ciwon kai. Kore shi kawai.”

Muhyiddeen ya karɓa ya tsaya karantawa. Karatun ya yi tsawo har Labaran ya ji ba daɗi.

“Me ta ce ne?”

“Ba komai, Baba. Ɗan gyara ne. Bari ta yi barci ta farka, za ka ji ta garau.”

Daga baya, da Khaulat ta duba bayanin, ta ce ai layin farko ma ya faɗa: za a canza wurin amsa kira da wurin juya kyamara, kuma in an yi ba a komawa. Muhyiddeen ya karanta shi tsaf, shi ya sa ya danna.

Wayar ta farka, ba a jima ba ta yi ƙara. Yatsan Labaran ya tafi ƙasa inda ya sani, ƙarar ba ta tsaya ba. Ya sake, ya sake. Da ƙyar, cikin lalube, kiran ya shiga. Ya miƙe da sauri ya karɓi igiyar bijimin ya dafa tozonsa, ya latsa gefe, ya miƙa wayar gaba yana kirari.

“Alhaji, kalli ƙirji! Kalli cinya! Wannan ko a gidan biki sai an rage nama!”

Muryar Alhaji Nu'uman ta fito da ƙarfi, kowa na ji. “Labaran, wane ƙirji? Hancinka nake gani tun ɗazu. Kai ba ka ganin kanka a ciki ne?”

Dillalai suka fashe da dariya. Muhyiddeen ya matso, murya a sama don na nesa ma su ji.

“Baba, ga shi nan ɓaro-ɓaro, ƙaton abu. Danna mana. A'a, ba nan ba. Baba, ba ka gan shi ba ne?”

Labaran ya danna sama, ya danna tsakiya, kiran ya katse. Wani ya miƙa hannu ya kaɗa a gaban gilashinsa, bai motsa ba, bai ma san an yi ba, sai dai ya ji dariyar ta canza. Auta ya matso. A hankali ya zare igiyar daga hannun Labaran, kamar mai karɓe wuƙa daga hannun yaro. Labaran ya ji takun bijimin yana nisa, ya ji Muhyiddeen na cewa a tasa wayar, “Alhaji, ni ne, bari in nuna maka shi da kyau.” Baƙin ciki ya rufe shi, har da kunyar da bai taɓa jin irinta ba.

Yelwa ta yi kuka, ta yi Allah ya isa, sannan ta share hawaye ta kama yatsansa ta koya masa sababbin wuraren. Ya haddace su kafin sati ya zagayo, don kansa lafiya lau yake. Wayar ce dai ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya.

Duk da haka da Juma'a ta zo ya sa rigarsa mai aiki, ya ɗora gilashinsa. Yelwa ta ce ya zauna, ya ce hannunsa bai makance ba. Ya isa bakin kara, ya gyara murya.

“Salamu alaikum!”

Babu wanda ya amsa. Suna nan, yana jin numfashinsu, yana jin wani na danne dariya a hannun riga. Sun gane da me yake tafiya, suna so su ga inda zai nufa in babu shi. Manyan mutane masu furfura, waɗanda ya ci tuwon sunan 'ya'yansu, suka riƙe amsar sallama saboda kallo. Ya taka gaba, ya taka kashin shanu, ya juya ya yi karo da gindin wata saniya. Ya tsaya cak, hannu a miƙe, ya sake yin sallama, wannan karon muryar ta ƙanƙance.

Sai aka amsa daga gindin darbejiya, daga kan bencinsa, cikin ladabi.

“Wa alaikumus salam, Baba,” in ji Muhyiddeen. “Wa kake nema?”