Ranar da na wuce makara da gudu a Bande

Shekaru sun yi nisa, kuma ban rubuta komai a lokacin ba, don haka mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Ina tsammanin a farkon shekarun saba'in ne, ranar bikin Jamhuriya, cikin sanyi, an gama girbi ana ta awon gyaɗa. Shekarata ta farko ke nan ina mushe, wato malamin lekol, makarantar boko, a Bande, bayan na gama karatu a Damagaram. Baƙo ne ni a garin, mutumin Dungas.

Lekol ɗinmu ba ta da farin jini. Iyaye da yawa suna cewa boko na cire wa yaro kunya, kuma 'yan yaran da muke da su da ƙyar aka same su. Wani tsoho mai haƙar rijiya ne ya fara kawo jikokinsa biyu, sannan ya bi gida gida yana lallashin maƙwabta. Kullum fargabata kada in yi wani abin da zai sa a kwashe yaran.

Daraktanmu ya ce a yi tseren gudu na nishaɗi a ranar bikin, kowa ya shiga, kyautar na ɗaya bargo. Ni ya ɗora wa shirin. Na auna hanya da igiyar guga har sau biyu: daga ƙofar lekol, a bi bayan runfar awon gyaɗa, a kewayo zuwa gindin kukar kasuwa. Kilo uku ne, ko kusa da haka. Na rubuta dokoki a takarda na karanta a kasuwa. Ta ukunsu ta ce duk wanda ya tsaya a hanya ya fita daga tsere.

Ba wanda ya taɓa yin irin wannan tsere a cikinmu, har ni. Darakta ya ce in shiga, wai mai doka shi ke fara binta.

Akwai wani tela, abokin hirata, da ya zo ya rubuta sunansa.

"Mushe, wa ya biyo mu ne za mu yi gudu?"

"Ba kowa."

"To a kan me?"

"A kan bargo."

"Allah ya sa mai kauri ne."

Da hantsi aka busa usur. Mu wajen talatin ne, galibi ba takalmi, sun naɗe wando zuwa gwiwa. Ni kaɗai ke da gajeren wando. Kafin in daidaita numfashi sun ɓace mini, na zama na ƙarshe. Na taɓa karantawa cewa mai gudu ya dubi ƙasa ya ƙirga numfashinsa, sai na yi ta yin haka.

A bayan runfar gyaɗa, inda hanyar maƙabarta ta ratsa tamu, na iske taro. Na ga ƙafafun abokan tserena, sun warware wandunansu, suna tafiya a hankali. Na ji muryar tela yana cewa, "Mushe, mushe." Na ɗauka tsokana ce.

A nan ya kamata in yi hattara da abin da zan faɗa. Na ɗaga kai sau ɗaya. Na ga gefen makara a kafaɗun mutane, da tabarmar da aka rufa. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne doka ta uku, wadda na rubuta da hannuna. Na kauce ta gefen shinge na wuce.

Da na iso gindin kuka makaɗi ya saki ganga. Darakta ya miƙo mini bargo, idonsa na kan hanya. Ba kowa a bayana. Gangar ta yi ta yin ƙasa har ta mutu. Wata tsohuwa mai ƙosai ta dube ni daga gwiwa zuwa fuska.

"Ɗan nan, ba ka gamu da gawa ba?"

Ita ta faɗa mana. Tsohon nan mai haƙar rijiya ne ya rasu bayan asuba. Duk 'yan tseren, da na gaba da na baya, sun bar gudu sun bi makara, suna karɓa-karɓa, kamar yadda kowa ke yi in ya gamu da gawa, kamar yadda ni ma aka koya mini tun ina yaro. Ni kaɗai na wuce, cinyoyi a waje, a gaban 'ya'yansa. Na tuna na zauna a ƙasa da bargon a hannu, ban san na zauna ba.

Da la'asar na sa babbar riga, tela ya raka ni gidan makoki. Da muka shiga zaure hira ta tsaya. Na durƙusa gaban babban ɗan mamacin, uban yaran nan biyu, na yi ta'aziyya.

"An ce kai ka zo na ɗaya, mushe."

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Baba yakan ce ku 'yan boko in an sa ku hanya ba ku waiwaye. Shi yabo yake yi." Ya dube ni. "Ka gan shi?"

Tun a hanya na shirya in ce kaina na ƙasa ne, ban ga makarar ba. Da na faɗi haka, tela ba zai ƙaryata ni ba.

"Na gan shi, yaya."

Ya daɗe yana jan tasbaha.

"To. Ni ma na ga ka gan shi. Da ka ce ba ka gani ba, da yarana sun gama lekol yau."

Na ajiye bargon a gabansa. Ya tura shi gefe da bayan hannu.

"Mamaci ba ya jin sanyi. Ka ba tela, shi ke gaba lokacin da muka ɓullo."

A hanyar gida tela ya murza bargon da yatsa biyu ya ce ba kauri. Ban iya dariya ba.

Da aka koma lekol jikokin tsohon sun zo, suka zauna a bencinsu. Amma yara biyu na wani gida ba su sake dawowa ba. Darakta ya ce ƙaura iyayensu suka yi zuwa Mallawa. Mai yiwuwa haka ne, ban taɓa samun ƙarfin halin bincikawa ba.

Idan akwai wanda ya yi gudun nan, ko ya kama makarar nan, ya ga na sauya wani abu, ina roƙo ya aiko mini da gyara. Musamman ma wanda ya san dalilin tafiyar yaran nan biyu.