Madam Rabi da rijiyar Harobanda

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ɗaure igiyar takalmi da safen nan waya ta yi ƙara, aka ce Madam Rabi ta rasu.

Na zauna a dakalin ƙofar gida, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce malamata a jami'a, ita ta koya mini aikin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, tun ban iya riƙe kwalbar gwaji ba. Ta daɗe tana jinya, duk mun san jikin ya yi nisa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne kada a ce ta tafi da damuwar rijiyar nan a ranta.

Bari in ba ku labarin.

Madam tana da doka guda da ta sa ɗalibai da yawa suka guje ta. Ba ka kare kundinka a gaban malamai sai ka koma wurin mutanen da ka ɗebi jininsu ko ruwansu, ka yi musu bayani da Zabarmanci ko Hausa, har su gane. Takan ce, "Issufu, wanda ya ba ka ruwan rijiyarsa shi ne farkon mai jin sakamako. Mujalla ta bi layi."

Masifa kam akwai ta. Amma ita ce mai zuwa da kwanon kopto, kwaɗon zogalen nan, ta dire mana a kan tebur, ta ce ba ta son ɗalibi ya sume mata a labo. Ita ce mai ƙetare gada da mu a tsohuwar motarta wadda sai mun tura take tashi, tana ciki tana ce mana ragwaye.

Bana muka gwada ruwan rijiyoyin garake a Harobanda, unguwar da ke ƙetaren kogi. A ɗaya daga ciki muka tarar da maganin ƙwari ya yi yawa. Masu garka suna wanke kayan feshi a bakinta, kuma daga ita iyalansu ke cika bido, wato jarka, su kai gida su sha. Muka sake gwaji, abu ɗaya ya fito.

Abokan aikinmu na ƙasashen waje da shugaban aikin suka ce a yi shiru tukuna sai takarda ta fito a mujalla. Wai kada wani ya riga mu, kada kuma a tayar da hankalin masu sayen salati. Mu ƙanana muka yi ta gardama a taro, ana ce mana a yi haƙuri. Madam kuwa tana kwance.

Ganina da ita na ƙarshe a gidanta ne a Bobiel. Ta rame ƙwarai, muryar ma sai ka matso. Ko gaisuwa ba ta bari na ƙarasa ba.

"Kun gaya musu?"

Na ce, "Madam, ana kan magana."

Ta kalle ni irin kallon nan nata. "Ana kan magana, su kuma suna kan sha. Issufu, in ƴarka ce ke shan ruwan, mujalla za ka jira?"

Na fito, na ɗauki maganar yadda ta faɗe ta na kai taro, ban rage ko kalma ba. Shugaban aikin ya daɗe yana kallon tebur, sannan ya ce a shirya mota.

Jiya da hantsi muka je. Muka zauna da masu garka a gindin mangwaro, wata abokiyar aikina ta yi bayani da Zabarmanci, ni na yi da Hausa. Ba wanda ya zage mu, ba wanda ya gudu. Dattijonsu ya yi tambayoyi har na fara gumi, daga baya ya sa aka rufe bakin rijiyar da kwanon rufi, aka yanke cewa ruwan sha sai na pampo, wankin kayan feshi kuma can nesa.

Na so in wuce Bobiel, aka ce likita ya hana shiga wurinta. Sai na yi vokal, na ɗauki muryata ina ba da labarin, na tura wa ƴarta Nafisa. Har safiyar yau ba amsa.

Da na isa gidan rasuwa, Nafisa ta hango ni ta taso, idonta jajur.

"Yaya Issufu, na kunna mata bayan la'asar. Ta sa na maimaita. Da aka zo inda ka ce an rufe rijiyar, sai ta yi murmushi ta ce, 'Ja'irin yaro, sai yanzu.' Daga nan ta nemi a ba ta koko, rabonta da neman abinci da bakinta an kwana biyu."

Wallahi dariya ta ƙwace mini a tsakar gidan makoki, ga hawaye na zuba. Nauyin da na shigo da shi ya sauka. Ta ji, kuma har ta samu ƙarfin zagina.

Ƴan'uwana masu aikin labo, a firijinku akwai jinin wani, akwai ruwan wani, akwai irin gonar wani. Yau ku tambayi kanku ko mai shi ya san abin da kuka gano.

Allah ya jiƙan Madam Rabi, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, ya shayar da ita ruwan Alkausara. Allah ya ba Nafisa da ƙannenta haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a kafin ya wuce.