Kurar Absalom

Ranar da Absalom ya sayar da kurarsa ta ruwa, zafin Jimeta ya hana ko awaki fita. Da ita yake ci da iyalinsa tun da rikici ya koro shi daga Michika.

'Yan takarar kansila biyu ne. Tsohon malamin makaranta ya ce zai gyara rijiyar burtsatse ɗaya. Ɗayan, mai lasifika, ya ce famfo har ɗakin kowa kafin damina.

Na ce, “Absalom, bari ka ga ruwan tukuna.”

Ya ce, “Baba, kai da malaminka kun tsufa. Wa zai sayi jarka bayan zaɓe?”

Mai lasifika ya ci. Damina shida ke nan, ko bututu ba a binne ba. Absalom yana unguwar Nassarawo, yana tura kurar nan tasa da ya sayar, yana biyan kuɗin haya.