Na Daina Zuwa Awo Saboda Ƙanwata

A lokacin ina ɗauke da cikin fari, a wani ƙauye kusa da Yalwan Damai, kuma ni ce abar nunawa a gidanmu. Tun ina budurwa nake da jiki, in na ɗaura zani tsofaffi su ce ga mace har mace. Ƙanwata kuwa siririya ce, kullum Inna na yi mata faɗa ta ci tuwo kada iska ta ɗauke ta. Sai Allah ya sa muka sami ciki shekara guda, muka riƙa shiga mota tare zuwa awo Birnin Kudu.

A can abin ya juye mini. Malamar awon, in mace ta hau sikeli, da ƙarfi take faɗin nauyinta kowa na ji. Ranar farko ta ƙare mini kallo ta tambaya ko 'yan uku ne ko kuwa tuwo ne, mata suka kwashe da dariya. Da aka zo awon jini abin ya ƙi zagaye damtsena, ta ja tsaki ta ce irinmu ne ke ba su wahala ranar haihuwa. Ƙanwata na hawa sikelin sai malamar ta saki fuska, har tana ce mini in yi koyi da ita. Wallahi ban taɓa jin zafin mutum kamar yadda na ji zafin yarinyar nan ba, yarinyar da na goya a bayana. Ta sunkuyar da kai don kunya, na ce iyayi ne. Ta saya mini rake a tasha, na ce tsokana ce.

Sai na daina zuwa. Maigida na ce masa sun ce lafiyata lau. In ƙanwata ta biyo mini, in ce ta je ita kaɗai a yaba ta. Ƙafafuna suka yi suntum, zobe ya ƙi fita, kai na sara, duk na ce ƙiba ce ta ƙaru, na rage abinci, na ɓuya cikin hijabi.

Ana gobe bikin 'yar kawunmu ƙanwata ta gama sa mini lalle a ƙafa ɗaya, ta ja ɗayar za ta sa. Ta danna yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta ce mini Yaya wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne, an koya musu a wurin awo alamar hawan jini ce, in yi wa Allah mu tafi asibiti. Na fizge ƙafata na ce ashe har ta zama likita. Ba a rufa mako ba jijjiga ta kayar da ni a tsakar gida. Na farfaɗo a gadon asibiti tana yi mini fifita, an yi mini aiki, yaron bai zo da rai ba, har an kai shi. Da na dubi ƙafafuna, ɗaya da lalle, ɗaya babu.

Ɗanta yanzu yana gudu. In ya rugo ya faɗa jikina ina rungume shi, amma ba zan yi ƙarya ba, har yau wani abu na tokare mini ƙirji, don da nawa sa'ansa ne. Malaman asibiti, ku ji tsoron Allah ku tauna magana, ba kowace mace ce ke dawowa bayan an yi mata dariya ba. Ke kuma 'yar'uwata mai jiki, ko me za su faɗa, ki toshe kunne ki hau sikelin. Dariyar nan kafin azahar an manta da ita. Ni ce ban manta ba.