Layin Inna a Fayil

Shekarar da ƙungiyar manomanmu ta samo irin gero mai saurin nuna, ni aka ɗora wa aikin kwamfuta, don kawai na taɓa yin wata shida a Sakkwato ina koyon haɗa shafin intanet. Na dawo da takarda mai hatimi da girman kan da ƙofar ofishinmu na Sabon Birni ta yi masa kaɗan.

Aikin ba wani mai wuya ba ne. Ma'aikatanmu mata biyu suka bi gida-gida, daga Gangara har Tozai, suna rubuta sunan mai gida da ƙauyensa da yawan gonakinsa a waya. Abin da suka turo mini fayil ne na rubutu zalla, kowane gida layi guda, waƙafi ya raba lamba da suna, ya raba suna da ƙauye. Nawa shi ne in sa manhaja ta karanta layukan, ta zuba kowane abu a gurbinsa cikin rumbun bayanai. Ran rabo manomi ya faɗi sunansa, a buga a shafi, ya fito, a auna masa iri. Wanda bai fito ba ya kama gabansa. Ni na kafa dokar ina dukan tebur, don na gaji da masu zuwa sau biyu da hula daban.

A Sakkwato an koya mana tsabtace fayil, ni kuwa na tsabtace shi har da mugunta. Layin da babu suna, datti ne, a zubar. Layuka masu suna ɗaya a ƙauye ɗaya, maimaici ne, a haɗe su. Kafin la'asar na gama, na kira shugaban ƙungiya ya zo ya ga abin al'ajabi.

Ya gyara tabarau ya ce in buga Tozai. Na buga. Gidajen da suka fito ba su kai rabi ba, kuma a samansu akwai wani mutum mai suna Maigida, da gonakin da sai a yini ba a zagaye su a kan babur ba.

"Wanga bawan Allah ya hi kowa gona a Gobir," in ji shugaba, "kuma ban taɓa ganinai ba. Ɗan wa ne?"

Na ce kuskuren masu rubutu ne, na aika aka kira su. Babbar cikinsu ta saurare ni har na ƙare faɗana, sannan ta dube ni kamar ɗan akuyar da ya shigo mata ɗaki.

"Da hantsi munka shiga gidaje, maza suna gona suna shara. Mata munka iske. Kai ka taɓa jin dattijuwa ta kama sunan mijinta? Ta ce maigida, mu rubuta maigida. Wadda ɗan farinta ne ke riƙe da gida kuwa, ko wannan ba ta cewa, shiru take yi. Sai mu bar gurbin sunan ba komai. Mun ɗauka mutum ne za ya karanta."

A nan na tuna gidanmu na Gangara. Tun rasuwar Baba ni ne mai gida a takarda, ni ne kuma ɗan fari. Geron Inna na bara tsutsa ta cinye wanda ta ajiye don shuka, wannan irin take jira, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. Na buga sunana, shafi ya ce bai san ni ba. Na buɗe ainihin fayil ɗin na bi layukan Gangara har na sami namu tsakanin na maƙwabta: lamba, waƙafi biyu a manne, Gangara, gona biyu. Da hannuna na zubar da uwata a kwandon shara.

Abin da ya cece mu shi ne layukan suna jere yadda matan suka bi gidajen. Na dawo da duk wanda na zubar, na raba Maigida gida-gida, muka buga a takarda, masu unguwanni suka bi jerin suna cika sunaye. Kwana uku aka yi, shugaba yana gaishe ni da "Ina mai gonaki?" Na gidanmu kuwa na ce a bar mini.

Na iske Inna tana tankaɗe a inuwar rumbu. Zan faɗi gaskiya, da wata manufa na je. Na kusa shekara arba'in ban taɓa jin sunana a bakinta ba, daga "kai" sai "wancan". Na ga dama ta samu.

"Inna, injin nan ba ya ba da iri sai mai gona ta hwaɗi sunan mai gida da bakinta."

Ba ta ɗago ba. "To injin ya riƙe irinai. Za ni ara ga maƙwabta."

"Inna, kalma ɗaya ce."

"Wanda ya koya maka ƙarya bai gama aikinai ba." Ta buga rariya a gefen ƙwarya. "Ran da anka raɗa shi ina ɗaka, na ji, kuma ban mance ba ko yini guda. Rubuta abinka, ai ka iya."

Na yi dariya don kada ta ga idona. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, amma ban taɓa jin ni ɗanta ne kamar a wannan hantsin ba. Na zauna a kan turmi na ciro waya na buga sunana da kaina.

Ta sami irinta, ta shuka a ruwan farko. Shekaru biyu bayan haka ta rasu ba ta faɗa ba. Shafin ya daɗe da mutuwa, ƙungiya ta koma littafi da biro, amma fayil ɗin farko yana nan a wayata ban gyara shi ba. Idan kewarta ta dame ni sai in buɗe layukan Gangara, in tsaya a kan waƙafin nan biyu.